Saƙon da Malam Haladu Ya Goge

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah ana ce masa Malam Haladu, mai tsaron sito a wata ma'aikata. Ma'aikatan suna da zaure a waya, irin wanda kuke kwana kuna tashi a ciki. Shi suka naɗa ya kula da zauren, don dai sun ga ba ya magana. In ya yi rubutu, sanarwa ce ko ta'aziyya, layi biyu ya gama.

To, ku saurara. Ran nan da hantsi ana can ana taro, shi kaɗai ne a waje, sai saƙon murya ya shigo zauren daga Malama Suwaiba, akawun ofis, wadda ba ta zo aiki ba ranar. Ya kara a kunne, sai ya ji kuka. Ashe yayarta take son tura wa, hannu ya kuskure. Magana ce wadda in ta fita, baiwar Allah ba za ta ƙara ɗaga kai a ma'aikatar ba. Bai ma ƙarasa ji ba ya goge wa kowa.

Aka fito taro, kowa ya ga alamar an goge saƙo. Kun san halinmu. Aka yi masa caa.

"Malam Haladu, me ta ce?"

"Ba namu ba ne," in ji shi.

Manaja ya kira shi ofis. "Ko zagina ta yi kake rufa mata?"

"Ranka ya daɗe, ba ta ambace ka ba. Saƙon ba namu ba ne."

Aka ƙwace zauren daga hannunsa. Wasu har suka fara raɗe-raɗin wai akwai wani abu tsakaninsa da Suwaiba, dattijo da furfurarsa. Abin ya yi masa ciwo, wallahi ya yi masa ciwo, amma bai buɗe baki ba.

Suwaiba ta same shi a sito, ido jawur. "Baba, bari in faɗa musu gaskiya, su daina zarginka."

Ya ce, "'Yata, in kin faɗa, ni wahalar me na sha? Koma bakin aikinki."

Na ga wasunku sun miƙa wuya, kuna jira in gaya muku abin da ke cikin saƙon. Ni ma ban sani ba. Matarsa ma ba ta sani ba. Da shi aka binne shi.

Jama'a, wannan ita ce amana: abin da ya faɗo hannunka bisa kuskure, ba naka ba ne. Mu kuwa fa? Kafin mai saƙo ya farga mun adana, mun tura wa mutum goma, muna dariya. Gobe za ku koma aiki. Kafin yatsa ya taɓa waya, ka tambayi kanka: da kukana ne a ciki, a hannun wa zan so ya faɗa? Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa mu zama masu rufa na wasu.