Jingar Sarki Barmo

Masu riƙon labarin dā sun ce a Tungar Maje, wani gari na bakin gulbi, an yi wani sarki mai suna Barmo. Kowace damina ambaliya sai ta cinye unguwar masunta da ke gangare. Wata shekara Sarki ya ware dukiya daga baitulmali don a yi jinga, wato tudun ƙasa mai tare ruwa. Fadawa suka ce, "Allah ya ja zamaninka, dukiyar nan ba za ta ishi gari duka ba. A kewaye fada da gidajen attajirai. Masunta kuwa, in abin ya auku, a raba musu hatsi da tabarmi."

Sarki ya gyaɗa kai, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Da hantsi yana zaune shi kaɗai a gindin rimin fada, sai wata tsohuwar shamuwa mai sheƙa a bisa ta sauko ta ce, "Ranka ya daɗe, in ka yarje mini, in ba ka labarin Hakimi Jatau, wanda na gani da idona a yawona na kudu."

Sarki ya ce, "Faɗi, ina jin ki."

Shamuwa ta ce, "Shi ma Jatau irin shawarar nan aka ba shi. Har an fara jibge ƙasa a bayan gidansa, sai wata mai ginin tukwane, Inna Tabawa, ta zo ta durƙusa ta ce, 'Ranka ya daɗe, kada ka yi irin ta gafiya.' Ya ce, 'Me gafiya ta yi, Inna?'

"Ta ce, 'Gafiya na da rami a tudu, bushiya na da nata a gangare. Da hadari ya fara haɗowa, bushiya ta roƙe ta su haƙa wa ruwa hanya tare. Gafiya ta ce kowa ya ji da gidansa, ta kwaɓa laka ta toshe ƙofarta ƙam. Ruwa ya zo ya cika ramin bushiya, ta samu ta fice da 'ya'yanta. Ruwan kuwa ya yi ta cin ƙasa ta ciki har ya ɓullo ƙarƙashin shimfiɗar gafiya. Ta ruga ƙofa, ta tarar da aikin hannunta ya tare ta. Ruwa, ranka ya daɗe, ba ya tambayar gidan wane ne.'

"Da Jatau ya ji haka, sai ya sa aka tsayar da aikin. Ya kira masunta ya tambaye su ta inda gulbi ke shigowa, tunda su suka san halinsa. Da dukiyar da ke hannunsa ya sa aka sayi fatanya da kwanduna da abincin ma'aikata, kowace unguwa ta fito da majiya ƙarfinta. Suka tayar da jinga tun daga gangare, suka yashe tsohuwar magudana har fadama. Da gulbi ya kawo a tsakiyar marka, ina bisa reshe ina kallo. Ya daki jinga, ya ja da baya kamar ɓarawon da ya tarar da mai gida a farke, ya bi magudana ya wuce. Ko katanga ɗaya ba ta faɗi ba! Mata suka hau jinga suna ta guɗa, fadama kuwa ta ba su shinkafar da rumbuna suka kasa ɗauka. Ka ga, ranka ya daɗe, abin da dukiya ta gaza, hannu da yawa ya ƙarasa."

Sarki ya miƙe, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Kin yi gaskiya, ba a fafe gora ranar tafiya." Nan take ya sa aka tara fadawa, aka kira Sarkin Ruwa, shugaban masunta. Ya tambaye shi, "Gidan wa ruwa ke fara ci?"

Sarkin Ruwa ya ce, "Na Bawa mai saƙar komar kamun kifi, ranka ya daɗe."

Sarki ya naɗe hannun riga ya ce, "To, daga ƙofar Bawa za a fara. A kawo mini kwando."