Kacallar da Umara Ya Ƙi Yankewa

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke bakin fadama a ƙasar Katagum, sunansa Umara. Iyayensa daga Borno suka zo, amma shi a nan aka yanke masa cibiya. Matarsa Talatu ce, kuma ita wannan al'amari ya fi ci wa rai.

Wata korama ce ke rabuwa da kogi ta ratsa gonakin ƙauyen. Gonar Umara ce ta farko da ruwa ke taɓawa. Ta Bappa, yayan Talatu, tana can ƙarshe.

A bakin koramar nan Umara ya fara nuna wa Talatu yana sonta. Ya tsinko furen bado ya ajiye kusa da tulunta, ya wuce bai iya cewa komai ba. Ba ta taɓa mantawa ba.

Shekaru suka ja, sai kacalla ta shigo. Ciyawa ce mai tsayuwa cikin ruwa, ta fi mutum tsayi, tana toshe hanya har ruwa ya rasa ta inda zai bi. Bado ya ɓace. Kifi ya ƙaura.

Bayan girbin damina dattawa suka kira gayya. Kowa zai fito da laujensa, a bi koramar gona-gona, a yanke kacallar ta ƙarƙashin ruwa don kada ta sake tohowa, a kwashe laka.

Umara ya ce ban da gaban gonarsa. Ya lura kacallar wurinsa tana tare ruwa ya taru kamar tafki, injinsa na ban ruwa yana ja yadda ya ga dama.

Bappa ya same shi a gona ya ce, "Malam Umara, mun share namu duka, amma ɗiso-ɗiso ruwan ke iso mana. Kai ne ƙofa."

Umara ya yi dariya. "To ni na ce ka yi gona a wutsiyar korama? Ka ɗauko ta a ka ka kawo nan mana."

Bappa ya gyara hularsa ya juya.

Da Talatu ta ji, ta kai wa mijinta abinci gona da kanta. Ta zauna tana kallon shinkafarsa, koriya shar, zuciyarta kuwa tana can gonar yayanta da ƙasa ta fara tsagewa.

Ta ce, "Baban Ikhlas, Yaya ne ya ba ka aurena fa."

"Na sani. Aurenki ya ba ni, ba ruwa ya ba ni ba."

"Ba haka kake da ba."

"Da ba ni da bakin ciyarwa, Talatu. In na buɗe, tawa ta sha da me?"

Ta tattara kwanonin ta tafi. A hanya ta tsaya inda bado yake fitowa a da. Babu komai sai ruwa mai wari da sauro.

Zafi ya shigo. Shinkafar Bappa ta yi ja, ta kwanta. Talatu ta je gidansa ta tarar yana ɗaure kaya. Ya ce zai tafi Azare ya nemi dako a kasuwa, in ya tsaya da ƙafafunsa ya zo ya kwashi iyalinsa.

Ta fashe da kuka. Tun rasuwar iyayensu ba ta da kowa sai shi.

Ya ce, "Share hawayenki. Kada ki ɓata gidanki saboda ni."

Amma akwai abin da Umara bai yi tunani ba. Tsuntsayen jan baki, masu cinye hatsi, a cikin kacalla suke kwana. Da can sun warwatsu a duk tsawon koramar, kowa ya ɗan ji a jikinsa. Yanzu an share ko'ina, babu sauran makwanci a fadamar sai gaban gonar Umara.

Daidai lokacin da shinkafarsa ta fara cika ido suka sauka. Talatu ta hango su daga gida kamar hadari ya taso. Umara ya yi ta kaɗa gwangwani yana ihu har muryarsa ta dushe. In ya kore su gabas su sauka yamma, in sun ƙoshi su koma cikin kacallarsa su huta.

Kafin mako ya zagayo, yawancin zangarniyar ta zama ƙaiƙayi.

Talatu ta same shi zaune a kan kunyar gona, gwangwanin a gefensa. Tana da maganganu cike da baki, amma da ta ga idonsa sai ta haɗiye. Ta zauna kusa da shi.

Ya ce, "Ni na gina musu gida da hannuna."

Ta ce, "Tashi mu je wurin Yaya."

"Da wace fuska?"

"Da wadda ka yi masa dariya da ita."

Suka tarar da Bappa a bakin titi yana jiran mota, don sai a ranar tafiyarsa ta tabbata. Umara ya durƙusa a gabansa. Bappa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sauke jakarsa.

Ya ce, "Tawa ta riga ta mutu, ba za ta dawo ba. Amma gonar Yelwa mai marayu tana da sauran rai. Je ka ɗauko lauje."

Washegari mutanen da Umara ya raina suka shiga ruwa har ƙirji suna yanka. Da aka cire dunƙulen ƙarshe, ruwa ya yi wata ƙara ya miƙe ƙasa. Gonar Yelwa ta tsira.

Bappa dai ya tafi Azare a wannan shekarar, domin babu abin ci a rumbunsa. Gidan Umara ma an sha wuya, ɗan abin da tsuntsaye suka bari biyu aka raba shi da iyalin Bappa. Sai da damina ta faɗi Bappa ya dawo.

Bayan ruwa ya janye, wata safiya Talatu ta fito tsakar gida ta ga furen bado kusa da tulunta, da laka a jikinsa. Umara yana bakin ƙofa, lauje a kafaɗa, zai tafi gayya. Wannan karon ma bai iya cewa komai ba.

Darasi: Ruwan da ya biyo ta gabanka amana ce, ba naka kai kaɗai ba. Duk wanda ya tare alheri don kada ya isa ga na ƙasa da shi, masifar da aka raba wa jama'a ce yake tara wa kansa. Kuma ba duk ɓarna ce neman gafara ke mayarwa ba, don haka a gyara tun da wuri. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu gona a bakin ruwa.