Zoben tagulla na Alƙasim

Ran Laraba ne, ƙarshen bazara, hadari ya soma haɗuwa ta gabas.

Akwai wani mutum, Alƙasim, shofar kamiyon wani ɗan kasuwa a Madawa, a shekarun yaƙin Turawa. Ya iya tuƙi, amma bai yarda da kowa ba. Ko ruwa ka ba shi sai ya leƙa cikin ƙwaryar.

A shekarar nan, yunwa ta sa mutanen ƙauyensu, can bayan Keita, sun cinye har irin shuka. Mai motar ya yarda Alƙasim ya kai musu buhunan gero kafin ruwan farko.

Hanyar duwatsu ce. Don haka Alƙasim ya ƙara ganyen ƙarfe a kan rasor, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota, har kamiyon ya yi tsayi. A idon kowane rasor akwai zobe da ƙusa ke ratsawa. Zobban sun cinye, kuma yaƙi ya hana sababbi zuwa. Sai ya tsaya Buza, wurin Rabo maƙeri.

Rabo ya shiga ƙarƙashin motar, ya daɗe. Da ya fito ya ajiye zobba iri biyu a kan tabarma: na tagulla masu ƙyalli, da baƙaƙe da ya yanko daga tsohuwar taya.

"Ɗauki baƙaƙen, ɗana."

"Don mi, Baba?"

"Ka ɗaga motar ga. Cikin kori za ta riƙa murɗawa, ƙafa guda bisa, guda ƙasa. Roba na bin murɗa. Tagulla ba ta lanƙwasa, sai dai wani abu ya karye."

Idon Alƙasim na kan Kulu matar Rabo, da ta kawo musu fura, mundayen tagulla cike da hannunta.

"Baba, mundayen Inna sun yi kyau. Da zoben motar wa aka ƙera su?"

Kulu ta dire ƙwaryar. "Ji mini ɗan nema! Tun uwarka na goyonka nike da su."

Rabo ya yi dariya kaɗan. "In tagulla nike so, mi ya sa na fiddo maka ita?"

Wannan ma bai kwantar da Alƙasim ba. A ransa ya ce wayon tsofaffi ke nan, a nuna maka mai kyau sannan a hana ka.

"Tagulla za ka sa. Kuma ina tsaye."

"Irin shukar mutane ke bisa, ɗana."

"Na sani. Sa."

Rabo ya sa. Alƙasim ya tsugunna yana bin hannunsa da ido har ƙusa ta ƙarshe, kada a musanya masa.

Da la'asar ya gangara wani kori, wato busasshen rafi, tsakanin Buza da Keita. Ƙafar gaba ta hau dutse, ta baya ta faɗa rami. Motar ta murɗe. Ya ji ƙara kamar an fasa tulu. Idon rasor ya tsage, kamiyon ya durƙusa gefe guda. Zoben tagulla kuwa yana cikin yashi, ko kwarzane babu.

Kafin magariba ruwa ya sauko. Shi kaɗai ya riƙa jan buhuna zuwa tudu, amma kori ya kawo ruwa ya tafi da fiye da rabi. A ƙauyensu ƙasa ta jiƙa, kuma babu abin da za a zuba mata.

Da safe ya rufe sauran buhunan da tampol, ya ɗauki guntun rasor a kafaɗa, ya koma Buza a ƙasa. A ƙofar maƙera ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa.

"Baba, baƙaƙen nan suna nan?"

Rabo bai ɗaga kai daga zuga ba. "Suna inda ka bar su."

Darasi: Yin hattara daban, zargi daban. Wanda ya ɗauki kowace shawara tarko, zai ƙi ta gaskiya ranar da ya fi bukatarta, kuma ba shi kaɗai zai sha wahalar ba. Ku tura wa wanda kuka san zargi ya yi masa yawa.