Manomi da Riguna Uku

Akwai wani mutum, manomi ne, yana da 'ya mai suna Lidiya. Tana ajin ƙarshe a makarantar sakandare, ba kuwa mai kamo ta a gudu a duk gundumarsu. Mutumin nan bai cika yarda da mutane ba. In aka gaishe shi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin abin da ake nema a wurinsa.

Wata rana wata malama mai horar da 'yan wasa ta zo daga wata ƙaramar kwaleji, a kan babur na haya. Ta ce, "Gurbi ɗaya gare ni na karatu kyauta, 'yan mata biyu kuma nake dubawa. In Lidiya ta ce i, yau zan sallami ɗayar." Lidiya ta ce i. Malamar ta ba ta koriyar riga ta kwalejinsu, gama a wurin 'yan wasa, wanda ya karɓi riga ya ba da magana ke nan.

Manomin ya bi babur ɗin da kallo, ya ce a ransa, "Wadda ko mota ba ta da ita, da me za ta cika alkawari?"

Bayan wata guda, wani mai horarwa ya zo daga babbar jami'a a cikin mota, da farar riga a hannu. Manomin ya ga bakinsa ya cika zaƙi, wannan ma bai kwanta masa ba. Duk da haka ya sa 'yarsa ta karɓa. Da na uku ya zo da jar riga, haka aka yi.

Lidiya ta ce, "Baba, ai na riga na ce wa Malama i."

Ya ce, "Kin taɓa ganin na shuka gero kaɗai? Gero, dawa, wake, duk a gona ɗaya. In wannan ya ƙi, wancan ya yi. Waɗannan mutane ba ki san cikinsu ba. Ɗaya zai yaudare mu, wataƙila biyu." Ya naɗe rigunan, ya ɓoye a rumbu.

Sa'ad da ranar babbar gasa ta zo, Lidiya ta yi ta ɗaya. Manomin ya duba rumfar baƙi, sai ga masu horarwar nan uku zaune a benci ɗaya, suna cin gyaɗa suna dariya. Ya ce, "Me ya haɗa su? Shirya mana wani abu suke yi. Gara mu riga su." Ya fitar da koriyar riga daga jakarsa, wadda ya ɗauko daga rumbu da safe, ya ce, "Mayar mata. Jami'a za ki."

Lidiya ta tafi kanta a sunkuye, ta miƙa rigar. Malamar ta karɓa, ta ninke ta a kan cinyarta. Ta ce, "Yarinyar da na sallama saboda ke ta bar gudu, tana koyon ɗinki yanzu. Allah ya ba ki sa'a, 'yata."

Mutumin jami'a yana kallo. Ya ce, "'Yan mata, riga nawa ta rage a gidanku?"

Ta ce, "Biyu."

Ya ce, "To, a kawo mini tawa. Gudun miƙa sanda nake shiryawa. Ina neman wadda in ta ce tana nan, 'yar'uwarta za ta iso ta same ta nan." Na ukun ya ciro takardarsa ya soke sunan Lidiya.

A hanyar gida manomin ya ce, "Ban gaya miki ba? Bakinsu ɗaya."

Ma'anar wannan misali ita ce, zargi yakan mai da mutum abin da yake tsoro. Manomin ya ji tsoron mayaudara, a ƙarshe kuwa ba wanda ya yi yaudara sai shi. Dabarar da ta yi masa amfani a gona ba ta alkawari ba ce, domin hatsi ba ya jiran kowa, amma mutum yakan sallami wani saboda maganarka.

Ku matasa da kwalejoji da ƙungiyoyin wasa suke nema, ba a ce ku yarda da kowa ba. Akwai masu zaƙin baki, gaskiya ne. Ku yi tambaya, ku nemi shawara, ku yi addu'a, ku ce a ba ku mako biyu. Duk wannan kafin ku ce i ne. Ku iyaye kuma, kada ku koya wa yaro riƙe magana biyu, kuna kiranta hikima.

Ubangiji ya yi mana alkawari yana sane da rauninmu, bai kuwa ajiye wasu a ɓoye ba don ko za mu kāsa. In akwai wanda yake zaune yau a kan maganarku, alhali kun riga kun janye ta a zuci, ku je ku same shi a makon nan. Kada ya ji a bakin wani.