Bushiya da Maganar Ƙarshe

An yi wata 'yar Bushiya mai taurin kai da ke karatu a wurin Malama Hawainiya, a ƙarƙashin wata tsamiya. Gidansu yana cikin gaɓar tafki, inda ƙananan dabbobi suka haƙa ramukansu tun kaka da kakanni.

Wata rana Zalɓe, wanda duk dajin ya san shi da iya baki da ji da kai, ya ce a rushe gaɓar don tafki ya yi faɗi. Aka sa ranar muhawara. Manya duk suka noƙe, don ba mai son karawa da shi.

Bushiya ta ce, "Ni zan kara da shi!"

To, a dajin nan tsohuwar Giwa ce ke yanke hukunci, ga shi ƙafafunta sun daina kai ta wurin taro. Tsattsewa ke kai mata abin da aka faɗa. Ita kuwa Tsattsewa akwai sauri, amma kanta ƙarami ne, maganar ƙarshe kawai take iya riƙewa.

Bushiya ta cika allonta da hujjoji ta kai wa Malama. Hawainiya ta bi rubutun da ido ɗaya, a hankali, har ƙasa, inda aka rubuta: "Abin da zan ce ke nan."

"Ina ƙarshen?"

"Ga shi nan, Malama. Na gama."

"Ba ki gama ba, 'yata. Gajiya kika yi kika tsaya."

Bushiya ta tayar da ƙayoyinta. "Haba Malama! Hujja uku na kawo, kowace ta fi ƙarfin Zalɓe. Me kuma ake so?"

"Wa zai kai wa Giwa hujjojin? Tsattsewa za ta je ta ce, 'Bushiya ta ce abin da za ta ce ke nan.' Sai ku kwashe kayanku."

Bushiya ta wanke gindin allon tana ƙunƙuni, ta sake rubutawa. Wannan karon ta ƙara da cewa Zalɓe warin kifi yake yi.

"Wannan zagi ne, kuma sabon zance ne," in ji Malama. "Ƙarshe ba wurin buɗe sabuwar ƙofa ba ne. Tattaro hujjojinki ki ɗaure su wuri guda, ki faɗi abin da zai faru in an ƙi jin ki, sannan ki faɗi abin da kike so a yi."

Sau huɗu tana wanke allon. A na biyar Malama ta gyaɗa kai.

Ranar taro Zalɓe ya dubi Bushiya daga sama. "Wannan dunƙulen ƙayar ce za ta ja da ni? Yarinya, koma gida ki sha nono."

"Baba Zalɓe, na sha kafin na fito. Bismilla, fara."

Zalɓe ya yi ta zuba magana mai daɗi, ana ta tafi. Tafin ya hau masa kai, ya manta da abin da ya kawo shi. Ya miƙe wuya ya rufe da cewa, "Wa ya isa ya ja da ni? Kifin tafkin nan ma, kashi tara cikin goma ni ke cinyewa! Na gama."

Bushiya ta taso. Ta karanta hujjojinta ɗaya bayan ɗaya, ta numfasa, ta ce: "Gaɓar nan gidan iyalai arba'in ce, ita ke tare ambaliya, ita ke riƙe da saiwar itatuwa. In aka rushe ta, ruwa zai ci gidajenmu bana, ya ci gonakinku baɗi. Don haka a bar gaɓa, a yashe tsakiyar tafki."

Tsattsewa ta tashi fir, ba a jima ba ta dawo.

"Giwa ta ce a bar gaɓa, a yashe tsakiya. Ta kuma tambaye ni me Zalɓe yake so a yi, na ce bai faɗa ba, ya dai ce shi ke cinye kifi. Ta ce ashe shi ya sa kifi ya yi wuya. An hana shi kamun kifi sai damina ta faɗi."

"Ai ba haka nake nufi ba!" in ji Zalɓe. "Koma ki gaya mata sauran!"

"Wane sauran?" in ji Tsattsewa. "Na manta."

Darasin wannan labari shi ne, yarana, maganar da ka rufe da ita ce mai sauraro ke tafiya da ita gida. In kun yi rubutun muhawara, kada ku ajiye alƙalami don kun gaji, kada kuma ku rufe da yabon kai. Ku ɗaure hujjojinku, ku faɗi abin da kuke so a yi, ko da wanda kuke ja da shi ya fi ku tsawon wuya.