Wanda Ya Amsa Sunan Abokinsa

Akwai wani ɗalibi a wata jami'a da 'yan ajinsu suke ce wa Dogo. Allah ya ba shi baiwar kwaikwayon murya. In ya kwaikwayi mai gadi ko shugaban sashe, sai ka waiwaya ka duba ko mutumin ne ya shigo.

Ɗaki ɗaya suke da wani da ake kira Farfesa, saboda tun yana firamare bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Gadon Farfesa na ƙasa, na Dogo na sama. Rishonsu ɗaya, bokitinsu ɗaya, hatta cajar waya karɓa-karɓa suke yi.

A shekararsu ta uku Farfesa ya faɗi wani kwas. Shi Dogo ya saba da irin wannan, kakkaɓe riga yake yi ya wuce. Amma Farfesa da ya dawo daga allon sakamako, sai ya kwanta da takalminsa, ya juya fuska bango.

Dogo ya ce, "Farfesa, lafiya?"

"Lafiya lau. Gajiya ce kawai."

Washegari bai je aji ba. To, akwai wata Malama da ba ta fara darasi sai ta kira suna ɗaya bayan ɗaya. Wanda duk ta ga shirunsa ya yi yawa, aikawa take yi a kawo mata shi ofis. Ɗalibai suna tsoron ofishin nan kamar me, don a zatonsu takardar kora ake rubutawa a ciki.

Da ta zo kan sunan Farfesa, Dogo ya sunkuyar da kai, ya shaƙe murya kaɗan, ya ce, "Ga ni, Malama."

Ta wuce. Na kusa da shi suka riƙe ciki suna dariya. Dogo ya dawo ɗaki yana jin kansa gwarzo.

"Mutumina, na rufa maka asiri. Kwanta ka huta abinka."

Haka aka ci gaba, mako ya bi mako. Littattafan Farfesa suka yi ƙura. Abincin da Dogo ya ajiye masa da safe, haka zai dawo ya tarar da shi, ƙuda na bi. Labulen ɗakin ma ya daina yarda a ɗaga. Dogo yana gani, wallahi yana gani, amma ga jarrabawa ta matso, shi ma kansa ya ɗau zafi. Kullum sai ya ce wa ransa, bari a gama sai in zauna da shi.

Wata rana wayar Farfesa ta yi ta ƙara. Mahaifiyarsa ce. Ya tura wa Dogo wayar ba tare da ya juyo ba.

"Don Allah ka amsa. In ta ji ni haka, hankalinta zai tashi."

Dogo ya ɗauka, ya ari muryar. "Lafiya lau nake, Umma. Karatu ne ya ɓoye ni."

Ta sa masa albarka, ta ce ya riƙa cin abinci. Daga ranar, wannan ma ya zama aikin Dogo.

Zazzaɓi ya zo ya tarar da jikin da yunwa da damuwa suka riga suka cinye. Da azahar Dogo ya dawo daga jarrabawa, ya yi magana ba amsa, ya taɓa shi ya ji kamar garwashi. Aka kwashe shi sai asibiti. Likita ya dubi Dogo ya ce, "Ina kuke tun tuni?"

Farfesa bai koma ɗakin nan ba. Allah ya karɓi abinsa.

Wajen gaisuwa, Umma ta sa aka kira mata Dogo. Idanunta sun kumbura, amma muryarta a natse take.

"Ɗana, abu ɗaya ke sanyaya min rai. Ana saura kwana kaɗan na yi magana da shi, har dariya ya ba ni. Ka ga bai daɗe yana wahala ba, ko?"

Dogo ya san da shi ta yi magana, ba da Farfesa ba. Dariyar nan tasa ce. Ya rasa abin da ya fi zama zalunci, ya faɗa mata ko ya bar ta da shi. Ya durƙusa kawai yana kuka, ita ce ma ta koma ba shi haƙuri.

Ya dawo makaranta ya zama wani iri. Ya daina kwaikwayon kowa. In zai hau gadonsa, kau da kai yake yi daga katifar ƙasa. Wani lokaci yana magana sai ya tsaya cak, don ya ji kamar ba muryarsa ce ta fito ba.

Da aka koma sabon zango, Malama ta shigo ta fara kiran suna kamar yadda ta saba. Ba a cire sunan mamacin ba tukuna, bakinta ya kai kansa kafin ta ankara.

"Ga ni, Malama."

Muryar Farfesa ce sak. Wata ɗaliba ta fara salati. Dogo ya dafe bakinsa da hannu biyu. Bai yi niyya ba, sabo ne ya riga shi.

Malama ta cire tabarau, ta dube shi.

"Ashe kai ne. Dogo, ni ba don kora nake kiran suna ba. Wanda ya yi shiru nake nema, in ji abin da ke damunsa, in haɗa shi da masu ba da shawara, in kira gidansu. Da ka bar min shirunsa, da na je na same shi."

Darasi: Ba kowane rufin asiri ne taimako ba. In abokinka ya daina zuwa aji, ya daina cin abinci, ya ce maka "lafiya lau", kada ka amsa a madadinsa. Zauna kusa da shi, ka sanar da wanda zai iya taimaka masa tun da sauran lokaci. Ku tura wa ɗaliban da kuka sani, wataƙila a cikinsu akwai mai kwana ɗaki ɗaya da wanda ya juya fuska bango.