Makullin Usta Shehata

Akwai wani direban tirela a garin Kena, Shehata, wanda ake kira Usta, wato ƙwararren direba, mai ɗauko alkama daga tashar jiragen ruwa ta Safaga. Abokan aikinsa sawu uku suke yi a mako, shi yana yin shida. Kowa ya san sirrin: jar ƙwayar nan ta tiramadol da direbobi ke kira farawla. Da rabi ya fara. Cikin shekara biyu, huɗu ma ba sa riƙe shi.

A cikinsu akwai wani dattijo da suke kira Ammu Girgis, wato Baffa Girgis, shekararsa talatin a kan hanyar. In barci ya zo masa, gefe yake fakawa ya kwanta a ƙarƙashin mota. Shehata ba ya wuce shi bai danna masa ham ba.

Wata Talata da azahar, Shehata ya tsaya a rumfar shayin da ke bakin gangaren duwatsu. Kwanansa uku bai runtsa ba. Ya zauna, ya miƙe, ya zagaya mota yana shurin tayoyi, ya dawo. Ƙafarsa sai kaɗawa take yi. Aka kawo shayi, rabi ya zube masa a jallabiya.

Ammu Girgis na gefe yana cin ful, wato dafaffen wake, da gurasa, yana kallonsa.

"Ya Usta, zo mu ci."

"Ci abinka, tsoho. Kafin ka suɗe kwanon nan na sauke kaya a Kena."

"Idonka fa? Kamar an ɗiga maka jini. Kwanta awa biyu, ni zan tashe ka."

"Barci na masu jiran fansho ne," in ji Shehata. Direbobi suka kwashe da dariya.

Ya ɓare ƙwaya biyu ya kora da sauran shayin, ya zaga bayan rumfa ya watsa ruwa a fuska. Da ya dawo, makullinsa ba ya kan tebur.

Ya lalube aljihu, ya ɗaga tabarma, ya leƙa ƙarƙashin benci. Kansa na sarawa, kunnuwansa na ƙara.

"Yana wurina," in ji Ammu Girgis. "Ba za ka gangara dutsen nan a haka ba. Motocin haya cike da mutane suna hawowa."

"Ubana ne kai? Ba ni makullina!"

"Na rantse da ran 'ya'yana, sai ka yi barci."

Shehata ya kai masa naushi a baki. Dattijon ya faɗi kan benci, ya tofar da jini har da haƙori, amma hannunsa na dafe da aljihu. Mutane suka taso. Shehata ya ɗaga hannu zai ƙara, sai hannun ya ƙage. Ya ga rumfar ta juya. Ya zube ƙasa yana fizge-fizge, kumfa na fita daga bakinsa.

Sai a asibitin Kena ya farka. Matarsa Nawal ce ta ba shi labari tana kuka. Ammu Girgis ne ya juyar da shi gefe, ya tallafe kansa har jijjigar ta lafa. Ya bar tasa motar da kayanta a rumfa, ya tare wata a-kori-kura ya kawo shi.

Likita ya ce ƙwayar ce ta jawo masa farfaɗiya. Ya tambaye shi, "Da ka samu makullin, a ina za ta same ka?"

Shehata ya san hanyar kamar tafin hannunsa. Minti goma daga rumfar, kwana ce mai rami a dama. Ya juya fuska bango.

Barin ƙwayar ya fi komai wuya. Ya yi makonni yana zufa, yana amai, ƙasusuwansa kamar ana sara, yana safa da marwa tsakanin ɗaki da ƙofar gida. Sau biyu yana sa takalmi zai je wurin mai sayarwa, Nawal tana tsayawa a bakin ƙofa.

Bayan wata huɗu ya sayi lemo leda guda ya tafi gidan Ammu Girgis. Ya tsaya yana kallon giɓin da ke bakin dattijon, hawaye na zubo masa.

"Ammu, haƙorinka..."

"Dama ya daɗe yana damuna, ka hutar da ni layin likita. Shigo, ya Usta, shayi na kan wuta."

Darasi: Ƙwaya ba ta ƙara wa direba ƙarfi, gajiyarsa kawai take ɓoye masa har ta kayar da shi, kuma ba shi kaɗai ne a kan hanya ba. Mai ƙaunarka shi ne wanda zai hana ka tuƙi ko da za ka zage shi. Ku tura wa duk direban da kuka sani, wataƙila yau ɗin nan yake bukatar ji.